Surukina da Man Juye Mai Kauri

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talatar makon jiya da hantsi Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maiɗakina, tsohon bakaniken nan na bakin tasha da duk direban Birnin Gwari ya sani. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana uku ya yi a kwance yana faɗa da masu kawo masa kunu, ran na huɗu ya tafi.

Ranar, fasinja sun sha zama, don babu motar da ta tashi sai bayan azahar. Direbobi duk suna ƙofar gidansa a unguwar Magajin Gari. Ƙaninsa, wanda ya yi masa wanka, ya fito yana share gumi, ya ce ya yi iya yinsa da sabulu amma baƙin da ke ƙarƙashin farcen ya ƙi fita. Inna, matar marigayin, ta aiko daga cikin gida cewa a bar masa abinsa, da shi ya ciyar da su. Can gefen tabarma kuma amininsa na ƙuruciya ne zaune, wani dattijo Kirista ɗan Gbagyi mai injin niƙa a ƙauye, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Tun muna da baƙin gashi yake gyara mini inji yana zagina," in ji shi. "Yanzu inji zai lalace, kuma ba mai zagina. Asara biyu ke nan."

Aka yi dariya, wasu na yi suna goge ido da hannun riga.

Masu gaisuwa sun yi ta cewa Baba mutum ne mai haƙuri. Allah ya yafe musu. Ni da na yi shekara goma sha tara ina durƙusa masa, na san haƙuri bai san hanyar garejinsa ba. Yana da gaskiya, yana da kyauta, yana da kunnen da ya fi na kowa, amma haƙuri a'a. Shi ya sa na ce bari in rubuta Baban da na sani, kafin a yi ta yabonsa har a mai da shi wani mutum daban.

In ka kawo masa mota, ba ya buɗe bonet sai ka gama ba shi labari. Zai zauna a kan tsohuwar tayarsa ya ce, "To, faɗi ƙaryarka." In ka gama, ya ɗauko doguwar sukundirebarsa, ya kafa bakinta a jikin inji, ya kanga kunne a ƙotar, ya rufe ido. Can sai ya buɗe ya ce, "Mota ba ta ƙarya, direba ke yi. Ka ce jiya ta fara. Wata biyu ke nan tana kuka." Kuma haka ɗin ne. In motar baƙi ta lalace a gari da mata a ciki, kafin ya taɓa sifana sai ya aika gida Inna ta zubo tuwo, yana yi yana mitar cewa an mai da garejinsa gidan abinci.

Babban karatunsa kuwa shi ne na man juye. Yakan zaro sandar awon mai, ya shafa a yatsa biyu, ya murza, ya buɗe su a hankali. "Man da bai riƙe yatsa ba ruwa ne," haka yake cewa. "Ku sayi mai kauri. Inji namiji ne, ba ya ƙoshi da koko." Rabin direbobin tasharmu a wurinsa suka koyi wannan, kuma a tsofaffin motocinmu masu kafireta maganarsa ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba. Ni juyen motata ma shi yake yi mini da hannunsa, ba ya barin kowa ya taɓa. Yakan ce wa ƙaninsa, yadda zan ji, "Ba don direban nake yi ba, don jikokina nake yi."

Yadda zan ji, na ce, domin ni da Baba ba ma magana kai tsaye sai gaisuwa. Duk wanda ya san ni a hanya ya san bakina ba ya da linzami. Na yi cacar baki da masu tirela, na yi da masu karɓar haraji, har fasinja na taɓa saukewa saboda ya ce ina gudu. Amma in na iso gaban surukina, sai in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in ce, "Baba, kun tashi lafiya?" Ya ce, "Lafiya, direba." Shi ke nan an gama hira. Maiɗakina kuma 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya faɗa. Tana da 'ya'ya biyar amma har ya rasu "yarinyar nan" yake ce mata. Saboda haka duk maganar da ke tsakanina da shi hanya ɗaya take bi: ni in gaya wa maiɗakina, ita ta gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba. Amsa ma ta nan take dawowa.

A haka na sayar da tsohuwar motata na sayi ta zamani, irin waɗannan marasa kafireta, masu wayoyi ko ta ina. Ina ɗaukar fasinja daga Birnin Gwari zuwa Funtuwa. Shekara guda ta yi tana tafiya sumul, Baba na zuba mata mai kaurinsa. Sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a gaban sitiyari. Na yi abin da duk direban tasharmu ke yi, na yanki baƙin salatif na rufe ta. Daga nan ta fara karkarwa in tana silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba. In inji ya yi zafi sai ta ƙi jan hawa, ga shan fetur ba ji ba gani.

Wata rana a Funtuwa na saci jiki na kai ta wurin wani mai duba mota da kwamfuta, ina waige-waige kamar wanda ya zo sayar da kayan sata. Ya jona na'urarsa ya ce matsalar tayimin ce, sai an buɗe inji an canza sarƙa. Na ce a'a, ba da ni ba. Ya canza mini fulogi kawai. Da zan tafi ya zaro sandar mai, ya duba, ya dube ni.

"Maigida, wa ke dama maka wannan kunun?"

"Wani ne can garinmu," na ce.

Ya nuna mini wasu lambobi a kan murfin da ake zuba mai. "Ka ga abin da masu motar suka rubuta? Mai tsinkakke take so. Wanda ke zuba maka wannan zai kashe maka inji."

Na dawo gida da maganar tana cina. Na ce wa maiɗakina, "Ki gaya wa Inna ta gaya wa Baba man nan ya yi wa motar kauri." Ta zaro ido ta ce, "Ni in ce Baba ya yi kuskure?" Da ta je, abin da ta iya faɗa wa Inna shi ne wai direba yana tambaya ko za a ɗan duba man nan. Inna kuma, da ta san halin mijinta, ta jira ya ci ya ƙoshi ta ce, "Direba yana ta maganar man nan naka." Bayan kwana biyu amsa ta dawo: Baba ya ji daɗi da na san darajar mai, juye na gaba zai samo mini wanda ya fi wannan kauri. Ya kuwa samo. Na tsaya ina kallo ya zuba, na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Sau biyu aka yi haka.

A shekarun da hanya ta yi tsanani saboda 'yan bindigar daji, motoci ba sa tashi ɗai-ɗai. Mukan taru da safe mu tafi a jere, kuma dokar guda ce, ba a tsayawa a daji. Ran nan mun wuce Dogon Dawa, mun kama wani hawa, na taka totur, mota ta ce ba ta san zancen ba. Ta yi ta rarrafe tana jijjiga, ina sassauta ƙafa ta mutu. Sauran motoci suka wuce, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum shida ne a motata. Wata tsohuwa mai daddawa ta karanto duk addu'ar da ta sani ta koma farko. Wani mai babbar riga ya cire takalmi ya naɗe rigar a kafaɗa, yana auna ta inda zai fi gudu. Ni kuwa sai murɗa makulli nake, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Allah ya rufa asiri, babu abin da ya fito daga dajin sai wani biri da ya leƙo ya koma. Da inji ya huce ta tashi, muka lallaɓa.

Kafin in dawo labari ya riga ni. Shugaban tasha ya kira ni gefe.

"Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne," ya ce. "Ka fita daga layi sai ta warke. Ko ta warke ma, sai na ga wanda zai yarda ya shiga."

Direban da ba ya layi ba shi da sana'a. Na koma gida na zauna, buhun masara yana ta gangarowa, yara biyar suna kallona.

Wannan labarin bai bi ta wurin Inna ba, a bakin tasha Baba ya ji. Ya aiko a kawo mota. Ya kafa sukundireba ya saurara, ya matsa ya sake saurara. Ya daɗe. Sai na ji abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce, "Ban san wannan kukan ba."

Washegari ya tafi wurin 'yan gwangwan ya samo mataccen kan inji irin na motata, aka ɗauko masa a baro. Kwana tara ya yi a gindin darbejiyar garejinsa yana warware shi. Ya ƙi karɓar aikin kowa. Yakan ɗura kananzir a wannan rami da bakin buta, ya zura ido ya ga ta ina zai ɓullo. Direbobi suka fara raɗa cewa tsufa ya kama tsoho, yana yi wa ƙarfe alwala. Ran na goma ya aiko a zo da motar da safe, kuma direban ya zo da kansa.

Ya sa na tayar da ita muka bari ta yi zafi har ta fara karkarwarta. Ya nuna wani ɗan ƙarfe a saman inji, tsawonsa bai wuce yatsa ba, da waya a gindinsa.

"Matso, direba. Yau ba kunya, aiki muke. Ka san tayimin?"

"Lokacin da bawuloli ke buɗewa da rufewa, Baba."

"To, a motocin da, mu ke saita shi sau ɗaya, ya zauna a nan. Wannan ita ke saita wa kanta tana cikin tafiya. In tana silo ta ja shi baya, in ta kama hawa ta tura shi gaba. Kuma da man juye take turawa. Wannan ɗan bawul shi ne mai tsaron ƙofar man. Wuta ta zo ya buɗe, wuta ta ɗauke ya rufe. In ya maƙale, sarƙa lafiyarta ƙalau amma tayimin ya ɓata."

Ya cire wayar bawul ɗin, ya jawo wasu wayoyi biyu daga batir ya taɓa masa. "Mai lafiya, in na yi masa haka inji zai shaƙe, ko ya mutu. Ka ji wani canji?"

"Babu, Baba."

Ya sa na kashe. Noti ɗaya ya kwance, ya murɗa ya zaro shi. Ya sake taɓa masa wayar batir a tafin hannunsa, ya ce ya kamata a ji ƙas. Ba mu ji komai ba sai ɗan motsi kamar na mai jin barci. Sannan ya kwance wani noti a ƙasa da wurin, ya zaro wata 'yar rariya, ƙanƙanuwa, ramukanta sun fi na rariyar shayi ƙanƙanta. Da ƙyar ake gane rariya ce. Baƙin dasƙararren mai ya toshe ta ruf.

Baba ya lakato abin a yatsa biyu, ya murza, ya buɗe su a hankali. Abin ya riƙe yatsa sosai. Ya sansana.

"Wannan man nawa ne," ya ce.

Ya juya ya dubi inji. "Fulogin nan ba ni na sa su ba, tun ranar farko na gani. Wanda ya sa maka su, bai ce komai a kan mai ba?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sunkuyar da kai na ce ya ce.

"Yaushe?"

"Kafin juye biyun nan na baya."

Na sha ganin Baba yana faɗa, amma wannan daban ne, don muryarsa ƙasa ta yi. "Ka sani, ka tsaya kana kallona ina ɗura mata, kana sa mini albarka? Ka ɗauki 'ya'yan mutane shida ka shiga daji da su, don kada ka ɓata wa tsoho rai? Da an kwashe su fa? Ka je ka gaya wa iyalansu kunyar suruki kake ji?"

Wallahi ban san lokacin da bakina na hanya ya kuɓuce ba. Na ce, "To Baba, ta ina zan fara? Na aiko, saƙon ya zo muku a matsayin yabo! Kuma ku kun taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana a garejin nan?"

Ina rufe baki na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙaninsa da ke zaune can gefe ya miƙe ya ce zai je ya duba akuyarsa. Baba ya dube ni, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ashe kana da baki! Shekara da shekaru na zaci yarinyar nan kurma ta aura. Miƙo fetur."

Ya jiƙa bawul ɗin a gwangwanin fetur, ya girgiza, ya zubar, ya sake. Rariyar kuma ya bi ta da tsohon buroshin haƙori har ya ɗaga ta sama muka ga rana ta cikinta. Da ya taɓa wa bawul ɗin waya a karo na uku, sai ƙas! Ya sake, ƙas! Ya yi ta yi yana murmushi har na ce batir zai ƙare. Ya canza masa robar bakinsa, ya mayar, ya ɗaure. Ya juye tsohon mai tas, ya canza filta, ya aike ni na sayo irin wanda aka rubuta a murfi. Da zai zuba, kau da kai ya yi kamar mai shan maɗaci, yana cewa, "Ruwa, wallahi ruwa." Ya ce a sake juyewa ba da daɗewa ba don ya wanke sauran dattin, in kuma bawul ɗin ya ƙara maƙalewa a sayi sabo, kada a yi ta lallashinsa. Ya ɓare salatif ɗin nan da farce ya manna mini a goshi.

Na tayar. Ta yi zafi, ba karkarwa. Ya taɓa wayar batir, inji ya shaƙe nan take, ya ce, "Yauwa, yanzu tana jin magana." Bayan na zagaya gari na dawo, fitilar ma ta ɗauke.

Na zaci an gama. Washegari da safe, lokacin lodi, sai ga Baba a tasha da 'yar rariyar mataccen injin nan a hannu. Ya hau kan benci, shugaban tasha na riƙe da shi kada ya faɗi.

"Ku saurara! Ni na ce muku ku sayi mai kauri. Mai tsohuwar mota ya ci gaba, ban janye ba. Amma mai irin ta direban nan, ya duba murfinsa ya sayi abin da aka rubuta. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ni na toshe masa mota, ba shi ba. Duk wanda na zuba wa ya kawo in wanke masa."

Wani ya ce, "Baba, yau kai ne da ruwa?" Ya ce, "Ni ne, kuma ubanka ma da yana nan sai ya sha." Aka yi ta dariya. Shugaban tasha ya ce to, a sa motata a layi a gani.

Aka sa. Fasinja suka yi ta zuwa, su leƙa, su gane motar, su wuce ta baya. Motoci uku suka cika ina tsaye, ayari na shirin tashi. Shugaban ya dube ni ya buɗe hannu.

A nan sai in faɗi abin da ba kowa ya sani ba. Baba, da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin motoci, ba ya iya shiga mota. Jiri take sa shi da amai. Kekensa yake hawa, kuma ya fi shekara goma bai fita gari ba. Sai na ga ya je wurin mai tebur ya sayi lemon tsami biyu da baƙar leda. Ya zo ya buɗe gidan gaba ya zauna, ya ja ƙofa, ya leƙo ta taga.

"Ni na gyara ta. In za ta tsaya a daji, da ni za ta tsaya. Mai zuwa Funtuwa ya shigo."

Tsohuwar nan mai daddawa ce ta fara shiga, tana cewa in an kwashe su aƙalla akwai mai yi wa 'yan daji faɗa. Kafin a jima mota ta cika.

Tun kafin mu bar gari ya rufe ido, lemo a hanci, gumi na zuba. Na ce, "Baba, in tsaya?" Ya ce, "Ka tsaya in ci mutuncinka." Muka wuce Dogon Dawa. Da muka iso hawan nan cikin motar ya yi tsit, ba mai ko tari. Na ce bismillahi na taka. Ta ɗauka, ta haye, har na kusa taɓa motar gabana. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Baba bai buɗe ido ba, sai ya miƙo hannu ya dafa gwiwata, karo na farko da ya taɓa dafa ni tun da na auri 'yarsa.

"Ta ja," ya ce. "Daga yau in ka ga na yi kuskure, ka zo ka faɗa mini da bakinka. Kada ka aiko mata." Sannan ya buɗe ledarsa ya yi abin da ya kawo ta.

Tun ranar nake layi, kuma da motar nan nake ciyar da jikokinsa har yau. Ya zubar da maganarsa ta shekara arba'in a gaban tasha, ya shiga gidan gaba da jirinsa da ledarsa, don a yarda a shiga bayana. Yanzu ya kama hanyar da ba a tafiya a jere, kuma ba ni da ikon in zauna kusa da shi ko na taku ɗaya. Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa, kada Ka bar shi ya tsaya a hanya.